Sulhu Tsakanin Al'ummomi a Sakkwato

Sulhu shi ne daidaita tsakanin ɓangarorin da ke husuma ta hanyar tattaunawa da yardar juna. A Jihar Sakkwato mai ƙananan hukumomi 23, mun saba ganin saɓani tsakanin manoma da makiyaya a kan ɓarnar gona da toshe burtali ko mashaya, musamman lokacin kaka.

Masana halayyar jama'a sun nuna cewa irin wannan rikici yakan faro ne tsakanin mutum biyu. Jita-jita ce ke mayar da shi na ƙabila, a ɗora laifin mutum ɗaya a kan danginsa duka. Daga nan sai ramuwar gayya, a yi asarar rayuka da dukiya.

Matakin farko na sulhu shi ne zaman mai unguwa da arɗo, inda ake ƙiyasta ɓarna a biya mai gona. Idan abin ya gagara, sai a kai wa hakimi, sannan uban ƙasa, har zuwa Majalisar Sarkin Musulmi da ke birnin Sakkwato. Wasan barkwanci irin na Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarabawa, shi ma yana sanyaya zukata.

A fannin addini kuwa, Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda ya hau karaga a 2006, yana shugabantar majalisar tuntuɓa ta NIREC da aka kafa a 1999, tare da shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN.

Muna kira ga jama'a da su kai ƙorafi wurin shugabanni tun wuri, su guji ɗaukar doka a hannunsu.