Mafarki a Fim Ɗinmu: Ƙofar Waƙa Kawai?

Mu da muka taso tsakanin Funtua da Malumfashi mun san yadda kuɗin auduga ke ƙarewa a gidan kallo da kaka. Fim ɗin bidiyon Hausa ya faro ne da Turmin Danya a Kano, a 1990. Da waƙa irin ta Indiya ta shigo, sai mafarki ya zama ƙofarta: saurayi ya gyangyaɗa, sai ga shi da budurwa a lambu suna rawa. An rage wa mafarki daraja ke nan.

Magabata ba haka suka ɗauke shi ba. Shehu Ɗanfodiyo, Allah ya jiƙansa, ya rubuta yadda a 1794 ya ga Shehu Abdulƙadir Jilani ya rataya masa takobin gaskiya, shekara goma kafin hijirar Gudu.

Akwai kuma mafarkin da mai shi ke sane cewa mafarki yake. A 1975, a Hull ta Ingila, Keith Hearne ya tabbatar da shi: mai barci ya riƙa motsa ido hagu da dama, kamar yadda suka shirya kafin ya kwanta.

Irin wannan muke so mu gani a rubutunmu. Manomin Malumfashi ya ga rumbunsa cike da masara, ya gane mafarki ne, ya ƙi farkawa, don bashin taki na jiransa.