Yarda Ba Tare da Shaida Ba: Tarihin Ishara Tsakanin Kamfanonin Wayar Hannu

Gabatarwa

Duk lokacin da mutum ya danna lamba a wayarsa ta hannu, kafin wayar abokin maganarsa ta yi ƙara, akwai wata magana da ake yi wadda kunnensa ba ya ji. Na'urorin kamfaninsa ne suke tambayar na'urorin ɗaya kamfanin: wannan lamba ta wane ce, mai ita yana ina a halin yanzu, wayarsa a kunne take ko a kashe, kuma wa zai biya kuɗin kiran? Wannan magana ta bayan fage ita ce masana harkar sadarwa suke kira ishara. Ita ce ke sa layin wani kamfani ya iya kiran na wani, ita ce kuma ke sa wayar matafiyi ta ci gaba da aiki bayan ya ƙetare iyakar ƙasarsa.

Maƙasudin wannan lacca shi ne bin diddigin tarihin wannan ishara, domin a nuna cewa an gina ta ne a kan yarda da juna a wani zamani da masu harkar ba su da yawa, kuma kowa ya san kowa. Zamanin ya shuɗe, amma ginin yana nan, ga shi kuwa a yau a kansa asirin mutane da dukiyarsu suke rataye.

Zamanin Fito da Usur

A farkon al'amari mutum ne yake yin ishara da bakinsa. Tun daga cibiyar haɗa waya ta farko da aka buɗe a garin New Haven na Amurka a 1878, mai kira yakan faɗa wa ma'aikaci wanda yake nema, shi kuma ya haɗa igiyoyin da hannunsa. Da na'urori suka karɓi wannan aiki, sai ya zama dole a samar musu harshen da za su riƙa fahimtar juna da shi. Kamfanin AT&T, wanda kusan shi kaɗai yake riƙe da wayar Amurka, ya zaɓi yin amfani da sautuka, aka kuwa bi da su ta kan layin da muryar mutane take bi. Daga cikinsu akwai wani siririn sauti mai kaɗawa sau 2,600 a daƙiƙa ɗaya, wanda ma'anarsa ga na'ura ita ce babu kowa a kan layin nesa.

To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun da dai ishara da murya hanyarsu ɗaya, duk wanda ya iya kwaikwayon sautin zai iya ba na'ura umarni. A wajejen 1957 wani yaro makaho mai suna Joe Engressia ya gano cewa da fito kawai yana iya fitar da wannan sauti. Bayansa John Draper ya yi suna saboda amfani da wani usur na wasan yara da ake sakawa kyauta a cikin kwalin abincin karin kumallo mai suna Cap'n Crunch. Shi kansa kamfanin ya riga ya buga bayanin sautukan a mujallarsa ta injiniyoyi a 1960, wadda take ajiye a ɗakunan karatu na jami'o'i. Daga nan sai aka shiga ƙera wata 'yar na'ura da ake kira shuɗin akwati, wadda ake buga waya ko'ina da ita ba tare da biyan ko kwabo ba. Mujallar Esquire ta fallasa labarin a watan Oktoba na 1971, kuma cikin waɗanda suka karanta suka ƙera nasu akwatin suna sayarwa har da Steve Wozniak da Steve Jobs, waɗanda daga baya suka kafa kamfanin Apple.

Raba Hanya: Haihuwar SS7

Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne raba hanya. Aka bar murya a kan layinta, aka buɗe wa ishara tata hanyar ta daban wadda kwamfutocin kamfanoni kaɗai suke bi, mai wayar gida kuwa ba shi da ƙofar shiga. AT&T ya fara aiki da irin wannan tsari a 1976. A 1980 kuma kwamitin waya na Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, mai mazauni a Janiba, ya amince da ƙa'idar da aka sa wa suna Tsarin Ishara na Bakwai, wato SS7, domin ƙasashe su riƙa magana da harshe ɗaya. Wannan dabara ta yi aiki, domin a hankali shuɗin akwati ya zama kayan tarihi.

Abin lura a nan shi ne irin duniyar da aka tsara SS7 dominta. A wancan lokaci, a yawancin ƙasashe, hukuma guda ce take riƙe da waya, galibi ma ta gwamnati, haɗe da gidan waya. Masu hannu a cikin tsarin ba su taka kara sun karya ba, kuma kayan aikin suna da tsadar da ba kowa zai iya saye ba. Saboda haka ba a ga dalilin sa na'ura ta nemi shaida daga 'yar'uwarta ba. Duk saƙon da ya iso ta hanyar ishara, ana ɗaukarsa gaskiya ne, don kuwa ba a zaton baƙo zai iya shigowa. An dogara ga katanga, aka bar ɗakunan cikin gida babu ƙyaure.

Wayar Hannu da Al'adar Baƙunci

A cikin shekarun 1980 kusan kowace babbar ƙasa ta Turai tana da nata tsarin wayar hannu, wanda ba ya jituwa da na maƙwabciyarta. Wayar Ingila ba ta aiki a Faransa, ta Faransa ba ta aiki a Jamus. Domin kawar da wannan matsala hukumomin waya na Turai suka kafa kwamiti a 1982, wanda daga sunansa aka samo GSM. A watan Satumba na 1987 aka sa hannu a kan yarjejeniya a birnin Kofanhegan, a 1991 aka buga kiran farko a ƙasar Finlan, a 1992 kuma kamfanin wayar Finlan da Vodafone na Ingila suka ƙulla yarjejeniyar farko ta karɓar baƙin juna.

Yadda wannan baƙunci yake aiki bai yi nisa da al'adar fatake da fatoma ba. Kowane mai layi yana da rajistarsa a kamfaninsa na gida. Idan ya sauka a wata ƙasa, kamfanin da ya sauke shi yakan aika wa gidansu cewa wane yana wurina, a tabbatar mini da shi, kuma duk kira ko saƙon da ya zo masa a turo nan. Haka nan, kamfanin da yake son isar da gajeren saƙo yakan tambayi rajistar gida inda mai lambar yake. Duk waɗannan tambayoyi a kan SS7 aka ɗora su, domin shi ne harshen da kowa ya riga ya iya.

Masu tsara GSM ba su yi sakaci da tsaro ɗungurungum ba. Sun sa katin SIM domin a tantance mai waya, sun kuma ɓoye maganar da ke bin iska tsakanin waya da turken kamfani. Wato sun zargi mai waya da mai laɓe a waje, amma ba su zargi kamfani ɗan'uwansu ba. Bambancin da fatoma shi ne, shi fatoma yana ganin baƙonsa ido da ido, ita kuwa rajistar gida takarda kawai take samu, ba hatimi ba sa hannu.

Yadda Ƙofofi Suka Yawaita

Abubuwa uku ne suka rushe katangar. Na farko shi ne sakin harkar waya ga 'yan kasuwa. An wargaza AT&T a 1984, a shekarar ce kuma aka sayar da hannun jarin British Telecom; Amurka ta yi sabuwar dokar sadarwa a 1996, Tarayyar Turai ta buɗe kasuwarta a 1998. Guguwar ta iso Nijeriya a 2001, sa'ad da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin GSM a watan Janairu, aka fara aiki a watan Agusta. Ta haka masu shiga hanyar ishara suka tashi daga 'yan tsiraru zuwa ɗaruruwa.

Na biyu shi ne sauƙin kayan aiki. Daga wajejen shekarar 2000 aka fitar da ƙa'idojin bi da saƙonnin SS7 ta kan fasahar intanet, har ya zama kwamfuta ta yau da kullum tana iya yin abin da a da sai na'ura mai tsadar gaske.

Na uku, wanda ya fi muni, shi ne haya. Kowace na'ura a wannan hanya tana da adireshinta na ishara, sai wasu kamfanoni suka shiga bayar da hayar adiresoshinsu ga masu aika saƙonnin talla da makamantansu, su kuma wani lokaci su sake bayar da haya ga wasu. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya samu adireshi ya zama ɗan gida, ana amsa masa tambaya kamar kowane kamfani.

Tonon Asiri

A watan Disamba na 2008, a taron masana kwamfuta da aka yi a Balin, wani Bajamushe mai suna Tobias Engel ya nuna cewa da lambar waya kaɗai ana iya sanin yankin da mutum yake. Ba a ɗauki maganar da muhimmanci sosai ba sai a 2014. A watan Agusta na shekarar jaridar Washington Post ta ba da labarin kamfanonin da ke sayar wa gwamnatoci na'urorin bibiyar mutane ta wannan hanya, a watan Disamba kuma Engel da Karsten Nohl suka nuna a Hambag cewa abin ya wuce sanin wuri, ya kai ga sauraren kira da karanta saƙo. Dabarar ba ta da wuya: maharin yakan aika wa rajistar gida ƙaryar cewa wane ya sauka a wurinsa, ita kuwa ta yarda, ta shiga tura masa saƙonnin mutumin. A watan Afrilu na 2016 Nohl ya gwada haka a shirin talabijin na 60 Minutes, inda yana zaune a Balin ya bi sawun ɗan majalisar Amurka Ted Lieu, ya naɗi maganarsa, da izininsa.

Ba a daɗe ba ɓarayi suka shigo. A lokacin bankuna sun riga sun ɗauki al'adar aika wa mai ajiya lambar sirri ta gajeren saƙo kafin a fitar da kuɗi. A watan Janairu na 2017 wasu ɓarayi, bayan sun saci bayanan shiga asusun mutane a Jamus, suka bi ta wani kamfanin waya na ƙetare suka karkatar da waɗannan saƙonni, suka kwashe kuɗi. Kamfanin O2 ya tabbatar wa jaridar Süddeutsche Zeitung da haka a watan Mayu. A 2019 bankin Metro na Ingila ya amsa cewa an yi wa wasu masu ajiyarsa irin wannan. A watan Disamba na 2020 kuma cibiyar bincike ta Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto ta fitar da rahoto a kan kamfanin Circles mai sayar da kayan leƙen asiri ta hanyar ishara, ta lissafa ƙasashe 25 da take ganin hukumominsu suna cikin masu saye, har da Nijeriya da Kenya da Maroko.

Sabon Tsari, Tsohuwar Ɗabi'a

Ana iya zaton cewa sabuwar fasaha za ta share wannan matsala. Zubi na huɗu na wayar hannu, wato 4G, wanda aka fara sayarwa a Istokholm da Oslo a watan Disamba na 2009, ya bar SS7 ya koma ga wata ƙa'ida mai suna Diameter. Sai dai an sauya harshe ne ba a sauya ɗabi'a ba. Saƙo yana bi ta hannun dillalai masu haɗa kamfanoni, kowane yana yarda da na kusa da shi, wanda ke ƙarshe kuwa ba shi da tabbacin inda saƙon ya taso. Hukumar tsaron sadarwa ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi a kan haka a rahotonta na 2018.

Sai a zubi na biyar, wanda aka kammala ƙa'idojinsa na farko a 2018, aka tanadi mai tsaron iyaka a bakin kowane kamfani, wanda zai nemi shaida ya kuma ɓoye saƙo. Amma nan ma da sauran rina a kaba. Yawancin layukan 5G na farko a kan ginshiƙin 4G aka ɗora su, sa'an nan muddin ana son sabon layi ya yi magana da tsoho, dole ne a bar tsohuwar ƙofa a buɗe. A ƙasashen Afirka da dama har yanzu talakawa da yawa tsofaffin layuka suke amfani da su, ba kuwa za a yanke su rana ɗaya ba.

Abin da ake yi a halin yanzu shi ne tacewa. Ƙungiyar kamfanonin wayar hannu ta duniya, GSMA, ta fitar da shawarwarin kafa matata a bakin hanyar ishara, wadda za ta ƙi amsa tambayar da bai kamata baƙo ya yi ba, ta kuma auna hankali: in an ga mutum a Kano da ƙarfe tara, saƙon da ya ce ya sauka a wata nahiya da tara da minti biyar ƙarya ne. Ta fuskar doka kuma, hukumar Ofcom ta Ingila ta haramta sabuwar hayar adiresoshin ishara a watan Afrilu na 2025.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa raunin ishara da amfaninta tushensu ɗaya: kowane kamfani yana amsa wa kowane kamfani. Mai waya ba shi da abin da zai danna ya kare kansa, domin harin ba ya ratsa wayarsa. Nauyin yana kan kamfani, shi kuwa kamfani ba shi ne ke asara ba in an saci kuɗin mai ajiya ko an bi sawun ɗan jarida, saboda haka ba ya gaggawar kashe kuɗi sai an tilasta masa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A nan ne aikin hukuma yake: ta wajabta kafa matata, ta riƙa gwada ingancinta, ta san wanda aka ba hayar kowane adireshi, ta kuma sa bankuna su nemi wata hanyar tantancewa ban da gajeren saƙo. Ɗaliban da za su gaji waɗannan ofisoshi gobe ya kamata su riƙa yi wa kowane sabon tsari tambayar da ba a yi wa SS7 ba a 1980, wato wa aka yarda da shi, kuma da wace shaida.