Firgici mai sarƙaƙiya

Firgici mai sarƙaƙiya, wanda likitoci ke taƙaitawa da C-PTSD, lalura ce ta ƙwaƙwalwa da ke samun mutumin da ya daɗe cikin tsoro ko azaba ba tare da hanyar kuɓuta ba. Misalansa su ne yaron da ya tashi a gidan da ake dukansa ko wulaƙanta shi, matar da ta yi shekaru a auren duka, da wanda aka tsare aka gana masa azaba. Ya bambanta da firgicin da kan biyo bayan abu guda, kamar haɗarin mota, domin yakan taɓa yadda mutum ke ganin kansa da yadda yake zama da jama'a. A wannan maƙala an zaɓi kalmar "firgici" a kan "ciwon zuciya", domin ta biyun tana iya sa mai karatu ya zaci cutar gaɓar zuciya ake nufi.

Tarihi

A shekarar 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da PTSD cikin kundinta na DSM-III, bayan an ga halin da tsofaffin sojojin yaƙin Vietnam suka shiga. A 1992 Judith Herman, likita a Jami'ar Harvard, ta nuna cewa wannan bayanin bai isa ya kwatanta waɗanda aka daɗe ana cutar da su ba, sai ta ba da shawarar wannan suna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a kundinta na ICD-11, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Kundin DSM-5 na 2013 kuwa bai ware shi a matsayin lalura mai zaman kanta ba, kuma har yanzu masana na muhawara a kai.

Alamomi

Kundin ICD-11 ya lissafa alamomin PTSD uku: abin da ya faru ya riƙa dawo wa mutum a farke ko a mafarki, ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa, ya kuma zauna cikin ɗar-ɗar. Sai ƙarin uku: wahalar shawo kan fushi ko baƙin ciki, ganin kai a matsayin marar daraja, da kasa riƙe dangantaka ta kusa.

Neman amincewar mutane

Daga ganin kai marar daraja ne ƙishin yabo da amincewar wasu kan taso. Marsha Linehan ta Jami'ar Washington ta yi bayanin gidan da ake ƙaryata abin da yaro ke ji: ya yi kuka a ce masa ba abin da ya same shi, ya faɗi gaskiya a ce ƙarya yake. A hankali sai ya daina yarda da hukuncin kansa. Idan ya girma, ba ya samun natsuwa da wata shawara sai wani ya ce masa ta yi, kuma shirun aboki na yini guda kan isa ya hana shi barci.

Pete Walker, wani mai ba da shawara a Kalifoniya, ya yaɗa ra'ayin cewa bayan faɗa, gudu da daskarewa, akwai martani na huɗu ga barazana, wato lallashin wanda ake tsoro. Ra'ayin ya karɓu a wurin masu karatu, amma ba ya cikin sharuɗɗan gano lalurar a hukumance.

Kafa iyaka

Iyaka a nan na nufin abin da mutum zai lamunta daga wasu da abin da ba zai lamunta ba, a jikinsa, lokacinsa, dukiyarsa da sirrinsa. Salvador Minuchin, ɗan asalin Ajantina, ya kasa iyakokin cikin iyali gida uku a littafinsa na 1974: masu tsauri, masu rauni, da bayyanannu. Mai wannan lalura yakan yi lilo tsakanin biyun farko, yau ya amsa kowace buƙata, gobe ya yanke hulɗa da kowa.

Ya kamata a bambanta wannan da kunya ko kara. Mai kara yakan bar haƙƙinsa da ganin dama, kuma zai iya cewa a'a idan abin ya wuce gona da iri. Wanda firgici ya kama kuwa yakan ce to alhali zuciyarsa na bugawa, daga baya ya ji haushin kansa. Daga waje halin biyu kan yi kama, shi ya sa sau da yawa ake yaba wa mai lalurar da haƙuri maimakon a lura da shi.

Magani

Herman ta tsara jinya a matakai uku: samun aminci, tunawa da abin da ya faru tare da makokinsa, sai komawa cikin jama'a. Ana amfani da jinyar tattaunawa ta CBT mai mayar da hankali kan firgici, da EMDR wadda Francine Shapiro ta ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980. Hanyar DBT ta Linehan tana koyar da yadda ake neman abu da yadda ake ƙin amsa buƙata, inda majinyaci kan fara gwaji da ƙananan abubuwa a gaban mai jinya kafin ya tunkari na gida.