Haikalin Brihadisvara: ginin dutse na shekara dubu a kudancin Indiya

Haikalin Brihadisvara yana birnin Thanjavur a jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya. Sarki Rajaraja na Ɗaya na daular Chola ne ya sa aka gina shi domin Shiva, ɗaya daga cikin manyan ababen bautar mabiya addinin Hindu. An kammala aikin a wajajen shekarar 1010 miladiyya.

Da ƙaƙƙarfan dutsen giranit aka yi ginin, alhali Thanjavur tana cikin fadamar kogin Kaveri, ƙasar noman shinkafa inda babu irin wannan dutse, sai da aka yi jigilarsa daga nesa. Hasumiyar da ke bisa ɗakin bauta tsayinta ya kai wajen mita 60, tana tsukewa hawa-hawa har sau 13. Cikinta fanko ne, domin kowane jerin duwatsu yana ɗan shigowa ciki bisa wanda ke ƙasa da shi, har suka haɗe a ƙololuwa.

A ƙofofin haikalin akwai manyan gumakan masu gadi riƙe da kulake, bangon waje kuwa cike yake da alkuki ɗauke da siffofin Shiva iri-iri. A barandar bene an sassaƙa salon rawa 81 daga cikin 108 da tsohon littafin raye-rayen Indiya ya ƙayyade, ragowar duwatsun kuma aka bar su ba sassaƙa. Ƙaton bijimin nan Nandi, wanda aka fafe daga dutse guda, sarakunan Nayak ne suka ƙara shi ƙarnuka bayan haka.

Rubutun Tamil da ya kewaye gindin ginin tamkar kundin gwamnati yake. An lissafa zinariya da duwatsu masu daraja da sarki da 'yar'uwarsa Kundavai suka bayar, da sunayen mata masu rawa 400, da rabon makaɗa da masu gadi da ma'aji. Har kuɗin haikalin da aka ranta wa ƙauyuka an rubuta. Daga nan masana ke gane yadda dukiya take zagayawa a daular Chola.

A 1931 aka gano zanen bango na zamanin Chola a ƙarƙashin fentin da aka shafa daga baya. Hukumar UNESCO ta sanya haikalin cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, kuma har yau ana ibada a cikinsa.