Mayar da kuɗin kujerar Hajji da Umara

Mayar da kuɗin kujera shi ne dawo wa maniyyaci da kuɗin da ya biya domin tafiya aikin Hajji ko Umara, duka ko wani sashe, idan tafiyar ba ta yiwu ba, ko kuma ba a yi masa wata hidima da ya biya kuɗinta ba. A Najeriya kuɗin kujera dunƙulalle ne: a cikinsa akwai tikitin jirgi, biza, masauki a Makka da Madina, tanti a Mina da Arfa, motocin zirga-zirga, abinci da kuɗin guzuri. Wannan ya sa kujera ta yi kama da irin tafiyar hutun Turawa da ake biyan jirgi da otal a farashi ɗaya. Yawan abin da ke dawowa ya dogara ne a kan abu biyu: wanda ya fasa, da lokacin da aka fasa.

Kalmomin da ake amfani da su

Maniyyaci shi ne wanda ya yi rajista amma bai tashi ba tukuna, kuma kalmar ta fito ne daga niyya, wadda Hausa ta aro daga Larabci. Kujera na nufin gurbi ɗaya daga cikin adadin da Saudiyya ke ware wa kowace ƙasa. Kuɗin da ake fara ajiyewa kafin a bayyana farashi shi ne kafin alƙalami, kamfanoni masu zaman kansu da ke kai mutane kuwa ana kiransu kamfanonin jirgin yawo. Hausa tana bambanta ɓangarorin biyu a cikin aikatau ɗin kansa: hukuma takan ce ta mayar da kuɗi, domin daga hannunta suka fita, maniyyaci kuma ya ce an maido masa, domin wajensa suka nufo. Sau da yawa akan sami tazarar watanni tsakanin ranar da aka furta ta farko da ranar da aka furta ta biyu.

Hanyar da kuɗin ke bi

Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON, wadda dokar shekarar 2006 ta kafa, ita ce ke karɓar kujerun Najeriya ta raba su. A shekarun 2023 da 2024 Najeriya ta sami kujeru 95,000, aka ware 75,000 ga hukumomin alhazai na jihohi, 20,000 ga kamfanonin jirgin yawo. A Zamfara, hukumar alhazai ta jiha tana Gusau, kuma tana aiki ta hannun jami'anta na ƙananan hukumomi 14. Maniyyaci daga Garbadu, alal misali, yakan yi rajista ta ofishin ƙaramar hukumar Talata Mafara, ya biya ta banki. Daga jiha kuɗin su wuce NAHCON, a canza su zuwa dala da riyal ta Babban Bankin Najeriya, sannan a biya masu masauki, masu tanti, masu abinci da kamfanonin jiragen sama. Saudiyya ba ta buga bizar Hajji sai an kammala waɗannan yarjejeniyoyi a shafinta na intanet.

Wannan jeri shi ne mabuɗin fahimtar batun gaba ɗaya. Muddin kuɗin na asusun jiha, maido su abu ne mai sauƙi. Idan sun ƙetara sun zama riyal a hannun mai otal a Makka, to sai an bi sawunsu mataki mataki, kuma wani sashe ba ya dawowa ko kaɗan.

Idan maniyyaci ne ya fasa

Dalilan da aka fi sani su ne rashin lafiya, juna biyu, kasa cika ragowar kuɗi, da rasuwa. Galibi akan buƙaci takardar neman maido kuɗi a rubuce, da shaidar biya ta banki, da lambar asusun maniyyacin. Wanda ya fasa kafin a buga biza ya fi samun kuɗinsa kusan cikakku, domin ana iya ba wani kujerar. Bayan biza da tikiti kuwa, akan cire abin da aka riga aka kashe. Idan maniyyaci ya rasu, kuɗin sun zama gado, sai magada su kawo shaida daga kotu kafin a sake su.

Matsalar da ta fi yawa a karkara ita ce biya ta hannun wani. Manomi a yankin noman rani na Bakolori, wanda ya haɗa Talata Mafara, Bakura da Maradun, kan sayar da shinkafa ko shanu ya miƙa wa ɗan'uwa ko dillali kuɗin ya biya masa. Idan takardar banki ba ta ɗauke da sunansa, to a idon hukuma ba shi ne ya biya ba. Wannan ne ya sa hukumomin alhazai ke yawan gargaɗi a kan miƙa tsabar kuɗi hannu da hannu, ko da ga ma'aikacinsu ne.

Annobar korona, 2020 zuwa 2022

Fasa tafiya mafi girma a tarihin aikin Hajji na zamani ta faru ne a lokacin annobar korona. A ƙarshen watan Fabrairun 2020 Saudiyya ta dakatar da bizar Umara, sannan a watan Yuni ta sanar cewa mazauna ƙasar kaɗai ne za su yi Hajjin shekarar. A 2021 ma haka aka yi, inda aka taƙaita ga mutum 60,000 daga cikin gida. Maniyyatan Najeriya da suka riga suka ajiye kuɗi an ba su zaɓi biyu: su karɓi abinsu, ko su bar shi zuwa shekara mai zuwa tare da alƙawarin za a fara da su. A wannan tsakanin ne, cikin 2020, NAHCON ta ƙaddamar da tsarin adashen gata na Hajji tare da bankin Jaiz, domin masu tara kuɗi a hankali.

Kowane zaɓi ya zo da hasararsa. Kujera a 2019 ta kasance kimanin Naira miliyan ɗaya da rabi. Da aka buɗe ƙofa a 2022, ta kai kusan miliyan biyu da rabi. Wanda ya karɓi kuɗinsa ya rasa matsayinsa a layi, wanda ya bari kuma sai da ya nemo cikon kusan miliyan guda. Bugu da ƙari, kujeru 43,008 kawai aka ba Najeriya a shekarar, ƙasa da rabin abin da aka saba, kuma Saudiyya ta hana waɗanda suka haura shekara 65. Dattawan da suka yi haƙurin shekara biyu su ne dokar ta fara fitarwa. A ƙarshen jigilar 2022 kuma wasu maniyyata, ciki har da na Kano, sun rasa Hajjin duk da sun cika kuɗi, saboda ba a kwashe su kafin a rufe filayen jiragen Saudiyya ba, har NAHCON ta fito ta ba da haƙuri.

Faɗuwar darajar Naira

Ana maido kuɗi ne a Naira, kuma daidai adadin da aka biya. A 2020 dala ɗaya ba ta kai Naira 400 ba a farashin gwamnati, amma a farkon 2024 ta haura 1,500. Saboda haka maido kuɗi bayan dogon jinkiri, ko da ba a cire kwabo ba, ba ya mayar da mutum inda yake. Wanda ya sayar da bijimai ya biya ba zai sake sayen adadinsu da abin da aka dawo masa da shi ba.

Shekarar 2024 ta nuna wannan a fili. Bayan an tsayar da kujerar Arewa a kan kimanin Naira miliyan 4.7, a watan Maris NAHCON ta nemi ƙarin miliyan 1.9 cikin 'yan kwanaki, duk da tallafin Naira biliyan 90 da Gwamnatin Tarayya ta bayar. Wasu jihohi, kamar Kano da Jigawa, sun ɗauke wa maniyyatansu wani ɓangare na ƙarin. Waɗanda suka kasa cikawa aka ce su nemi a maido masu kuɗinsu.

Hidimar da ba a yi ba

Akwai maido kuɗi ga wanda ya je ya dawo, idan an gaza yi masa wata hidima. Bayan Hajjin 2023 an maido wa alhazan Najeriya riyal 150 kowane, kimanin Naira dubu 61, saboda gazawar hidima a Mina. Irin waɗannan kuɗi kan biyo hanyar da suka tafi ne a juye, daga Saudiyya zuwa NAHCON zuwa jihohi, shi ya sa suke ɗaukar fiye da shekara.

Matsayin doka

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta tanadi a sashe na 120 cewa mai saye na da ikon soke abin da ya yi odarsa tun gaba, mai sayarwa kuma na iya cire ladan sokewa mai ma'ana. Wajen auna wannan lada ana duba tsawon sanarwar da aka bayar da yiwuwar samun wani mai saye. A 2022 wata babbar kotu a Inugu ta dogara da wannan doka ta yanke cewa ƙa'idar ƙin maido kuɗi ta wani kamfanin motocin haya ba ta halatta ba. Dokar Tarayyar Turai ta 2015 a kan dunƙulalliyar tafiya ta fi fayyace abubuwa: a maido kuɗi cikin kwana 14, kuma matafiyi na iya fasawa ba tare da tara ba idan an ƙara farashi da fiye da kashi 8 cikin ɗari. Ƙarin da aka yi wa maniyyata a 2024 ya kai kusan kashi 40.

Masu tafiya ta jirgin yawo, musamman Umarar watan azumi, sun fi fuskantar haɗari, domin akan biya otal tun kafin biza ta fito. NAHCON ce ke ba waɗannan kamfanoni lasisi, tana riƙe da kuɗin jingina daga gare su, kuma tana karɓar ƙorafi a kansu. Wanda ya biya kamfani marar lasisi ba shi da wannan madogara, sai dai 'yan sanda da kotu.

A fiƙihu

Malamai sun yi saɓani a kan kafin alƙalamin da ba a maidowa idan mai saye ya fasa, wanda ake kira bai'ul urbun. Malikiyya, mazhabar da ake bi a ƙasar Hausa, ta hana shi, haka ma Hanafiyya da Shafi'iyya, amma Hambaliyya ta halatta. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi ta amince da shi a zamanta na 1993 a Burunai, bisa sharaɗin a ƙayyade lokacin jira. Game da maniyyacin da ya rasu, Malikiyya ba ta wajabta wa magada su biya a yi masa Hajji ba sai idan ya bar wasiyya, kuma daga sulusin dukiyarsa za a fitar. Shafi'iyya da Hambaliyya kuwa suna ɗaukar Hajjin farilla a matsayin bashi da ake cirewa daga dukiyar kafin rabon gado. A Zamfara kotunan shari'ar Musulunci ne ke sauraren irin wannan batu idan magada suka saɓa.