Yadda ake auna ingancin bayanan kayan aikin wakilan AI

Wakilin ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar AI mai aiwatar da ayyuka da kanta, ba ya sanin kayan aikinsa sai ta bayanin da aka rubuta masa. A tsarin MCP, wanda kamfanin Anthropic na Amurka ya fitar a Nuwamban 2024, kowane kayan aiki na ɗauke da suna da bayanin amfaninsa da jerin abubuwan da yake buƙata.

Ana auna ingancin bayanin ne ta hanyar bai wa wakilin ayyuka masu yawa, a ƙirga sau nawa ya zaɓi kayan da ya dace, ya kuma sarrafa shi daidai. Bayani mai harshen damo na iya sa wakilin goge fayil mai muhimmanci, shi ya sa ake gyara rubutun a maimaita gwajin.