Siffantawa a Littattafan Soyayya: Cika-Shafi ko Aikin Kunya?

Tun muhawarar da aka tafka tsakanin Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu a shekarun 1990 kan abin da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, wani hukunci ya zauna daram a kundayen ɗalibai: wai doguwar siffantawar da marubutan soyayya ke yi cika-shafi ce, kuma aro ce daga finafinan Indiya. Akan kafa hujja da binciken Larkin (1997), alhali shi a kan jigo ya fi mayar da hankali, musamman rikicin zaɓin zuciya da zaɓin iyaye. A ganina hukuncin ya cakuɗa siffantawa iri biyu da ya kamata a raba.

Iri na farko shi ne zayyana surar budurwa: fara, doguwa, mai dara-daran idanu, gashi har gadon baya. A nan masu suka suna da gaskiya, domin wannan budurwa ta zaga littattafai da yawa, suna kawai take sauyawa. Sai dai ɗora wa Indiya laifin duka akwai gaggawa a ciki. Jero kyawawan siffofi daki-daki tsohon salo ne a kirari da waƙoƙin yabo, kuma Dare Dubu da Ɗaya ya shiga hannun masu karatun Hausa tun kafin silima ta kafu a Kano. Mai yiwuwa fim ya ƙara tsawon gashin, amma ya tarar da tsarin jeren.

Iri na biyu shi ne wanda masu suka suka tsallake, kuma a nan ƙwarewar take. Marubuciyar da kunya da addini suka hana ta kai alƙalami kan taɓa jiki, dole ta nemo inda za ta ajiye shauƙi. Sai ta ajiye shi a kan kaya: ƙamshin turaren wuta, lallen da aka zana a tafin hannu, atamfar da aka ɗaura don zuwan saurayi zance, akwatunan lefe da jeren ɗakin amarya. Mai karatu Bahaushe ya san abin da ake nufi idan aka ce yarinya ta sake kwalliya sau biyu kafin la'asar. Za a ce ai wannan shi ne koya wa 'yan mata kwaɗayin abin duniya, kuma irin wannan zargi na gurɓata tarbiyya ya kai ga ƙona littattafai a Kano a 2007. Zargin yana da nauyi, amma ya ɗauka cewa duk abin da aka siffanta an yabe shi ne. A Alhaki Kuykuyo Ne (1990) na Balaraba Ramat Yakubu, abin da Alhaji Abdu ke kashe wa amaryarsa Delu idan aka auna shi da ɗan cefanen da yake ba uwargidansa Rabi da 'ya'yanta, shi ne tuhumar da littafin ke yi masa. Idan aka cire lissafin kayan, an raunana hujjar marubuciyar.

Iyakar abin da hujjojin nan za su ɗauka shi ne littattafan da aka buga a takarda daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa farkon 2000. Labaran da ke yawo a WhatsApp da Wattpad yanzu, inda wasu suka yaye labulen kunyar, suna buƙatar nazari nasu daban. Amma game da wancan zango, kiran siffantawa cika-shafi baki ɗaya kuskure ne na karatu.